Amsa ga Hajiyar da ta tsinci ƙwayar gina jiki a jakar ɗanta

Hajiya, sannu da haƙuri. Kin ce kin ga robar Dianabol a jakar yaronki ɗan shekara 16, ya ce miki ai bitamin ne, duk abokansa na wurin ɗaga ƙarfe suna sha, kina tambaya ko ki haɗa shi da babansa. Na daɗe ina kula da wurin motsa jiki a unguwarmu, bari in gaya miki yadda yaran nan suke kallon abin.

A wurinsu wannan ba shaye-shaye ba ne, tunda ba ya bugarwa kamar tiramol ko kodin. Yaron da ko sigari bai taɓa ba, wanda ba ya fashin jam'i, shi ne zai haɗiye ta hankalinsa kwance. Ƙattin TikTok yake gani, ga abokinsa da ya cika riga cikin wata biyu, shi kuwa ana ce masa "sillen kara". In na ba su labarin Ben Johnson na Kanada, wanda aka ƙwace wa zinaren gudun mita 100 a Olamfik ta Seoul a 1988 saboda irin wannan magani, dariya suke, su ce su ba gasa za su je ba. Maganar hanta da zuciya ma ba ta shigarsu, gani suke ciwon tsofaffi ne.

Abin da na ga yana tsayar da su daban ne. Ƙwayar nan kwaikwayon sinadarin maza ce, wato testosteron, in ta shiga sai jiki ya rage yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu. Wani sashenta kuma yana juyewa sinadarin mata, nono ya fito. Akwai yaron da ya daina cire riga a wurinmu, ko ana zafin Afrilu, ashe ƙirjinsa ne ya fara tasawa, bayansa duk ƙuraje. Ga wanda bai gama girma ba, tana iya rufe bakin ƙashi da wuri, tsawonsa ya tsaya nan. Wannan kam suna saurara.

Ki sanar da babansa, amma ban da duka da tara dangi, don ɓoyewa kawai zai koya, wataƙila ya koma allura, su riƙa karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ga ciwon hanta ga HIV. Namiji babba da yake jin nauyinsa, kawu ko yayansa, ya zauna da shi.

Ki tafi da robar asibiti, a auna jininsa, a duba hanta. Jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma wasu yaran ɗeksametason suke sha, wato sha-ka-fashe, su ɗauka kumburin ƙarfi ne. In ɗeksametason ne ya daɗe yana sha, ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Ki kuma bincika wa ya sayar masa, sau da yawa babban wurin ne da suke kira koci.