Amsar tambayarki kan 'yar Indiyan nan da maganar fim bayan aure

Wa alaikis salam 'yar nan, na ga saƙonki tun jiya da daddare, wuta ce ba mu samu ba wayar ta mutu sai yanzu na samu caji a maƙota. Kin ce wai me ya sa a wajenmu da zarar 'yar fim ta yi aure shikenan sai ta ajiye, alhali ga Smriti Irani da kika gani a waya, da tallan kwalliya ta fara, ta yi aure tana fim har ta kai minista, wai addini ne ko al'ada. Ɓangaren addini ki kai wa malamai, ni abin da na sani na zaman gidaje shi zan gaya miki.

Ita dai matar nan a Delhi aka haife ta a 1976, sunan gidansu Malhotra, Irani sunan mijinta ne. A 1998 ta shiga gasar sarauniyar kyau ta Indiya, amma ba ta ci ba, kuma da ta koma Mumbai neman sa'a ba gado aka shimfiɗa mata ba, ita da bakinta ta sha faɗa cewa ta yi aikin shara da goge-goge a gidan cin abinci na McDonald's. Sai a shekarar 2000 Ekta Kapoor mai shirya wasannin talabijin ta ɗauke ta a wani wasan talabijin na tashar Star Plus mai suna Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi, ma'anarsa ita ma uwar miji ai ta taɓa zama matar ɗa. Wasan nan sai da ya kai 2008, kashi sama da 1,800, ke lokacin ma ba ki san kanki ba.

To ga inda nake so ki buɗe kunne. A me ta fito? Ta fito ne a Tulsi, matar ɗa a babban gida irin nasu na Indiya da kakanni da iyaye da 'ya'ya da matansu duk tukunya ɗaya, kullum cikin sari, ga jan garin nan a tsagar gashinta da sarƙar baƙin dutse a wuya masu nuna matar aure ce, ta sunkuya ta taɓa ƙafar manya, duk fitinar da aka ƙulla a gidan ita ke warware ta. Shi kanshi sunan Tulsi sunan wani ganye ne mai ƙamshi dangin ɗoɗɗoya da Hindu ke girmamawa suna shuka shi a tsakar gida. Wato yarinyar da jiya take takun ado gaban alƙalan gasa, yau ita ce surukar da kowace tsohuwa a Indiya ke fatan ɗanta ya kawo mata. Mutane sun ɗau abin da zafi sosai, da aka kashe mijinta Mihir a cikin labarin sai da jama'a suka yi ta ƙorafi har aka dawo da shi da rai, ke kin ji wauta, amma mu ma nan ai an sha jifan wanda ya fito a mugu da baƙar magana a kasuwa.

Saboda haka da ta auri Zubin Irani a 2001, ta haihu a shekarar ta sake haihuwa a 2003 tana ci gaba da aiki, ba wai ta yi wa al'adarsu tawaye ba ne, al'adar ce ma take sayar musu kullum da daddare. Wa zai ce matar aure ta zubar da mutuncin gida alhali abin da take nunawa shi ne yadda ake riƙe gida? Kuma wannan farin jinin ne ya bi ta siyasa. Ta shiga jam'iyyar BJP a 2003, ta faɗi zaɓe a Delhi a 2004, ta sake faɗuwa a mazaɓar Amethi a hannun Rahul Gandhi, jikan Indira Gandhi, a 2014, duk da haka firaminista Modi ya ba ta ministar da ke kula da ilimi tana da shekara 38, aka yi ta surutu kan takardun karatunta har da masu cewa 'yar wasa ce kawai me ta sani, kin ga su ma can bakin mutane bai mutu ba. A 2019 ta kayar da shi Rahul ɗin a kujerar da gidansu suka daɗe suna riƙe da ita, a 2024 kuma aka kayar da ita, 2025 sai ga ta ta koma Tulsinta a talabijin.

Mu kuma namu abin kunya ce, kuma kunyar surukai ta fi kowacce nauyi. Ni da kike gani shekara goma sha na zauna da uwar mijina Allah ya ji ƙanta, ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ko mai irin sunanta na haɗu da ita sai dai in ce mai sunan Hajiya. To macen da ba ta iya kai loma baki gaban surukarta, ta yaya za a kunna talabijin a falo suruki na zaune ga ta tana kiran wani namiji masoyinta tana rawa da waƙa da shi? Ko mijin ya yarda, shi ma yana da majalisa, yana da abokan wasa da za su sa shi gaba, yana da ƙanne mata masu kai rahoto. Yawanci ba shi ke fara gajiya ba, uwarsa ce za a tare a gidan biki a ce mun ga surukarki jiya.

Shi ya sa in kin lura masu fitowa a iyaye da gwaggonni ba a cika damuwa da su ba, 'yan matan soyayya ne aure ke yanke wa sana'a, wasu su koma shirya fim daga baya ko saida atamfa da turare, wasu kuma sai auren ya mutu ki gan su sun dawo, jama'a su ce ai dama 'yan fim ba sa zaman aure, ba mai tambayar yadda wadda ta saba riƙe kuɗinta ta ji da aka ce ko kati sai ta roƙa. Wannan kam ni ban ga adalci a ciki ba, don namijin ɗan fim yana da mata biyu uku yana rawarsa ba wanda ya ce kanzil.

Na san ba banza kika yi tambayar nan ba, na ga hotunan tallan lesin da kike sawa a Instagram, kuma babanki ya ce min mutanen yaron nan za su turo bayan sallah. Kafin a karɓi kuɗin gaisuwa ki tambaye shi ƙarara, kar ki yarda da "ba komai" ta lokacin zance, ki ce ya je ya ji ta bakin mahaifiyarsa ya dawo miki da amsa. In kuma nauyi kike ji ki bar min, ranar Asabar ina nan shigowa ni zan yi wa babanki maganar.