Kafin ka sa kuɗin kwana, ka nemo izini a rubuce

Tambaya: Na ci bashi na gyara wani gida da na gada a wani ƙaramin gari da masu yawon buɗe ido ke yawan zuwa, da niyyar ba baƙi haya ta kwana biyu ko uku ta Airbnb, manhajar intanet da matafiya ke kama masauki a gidajen mutane. Ƙanen matata da ke zaune a can ya ce ba a neman izinin kowa. Nawa ya kamata in sa kuɗin kwana?

Amsa: Malam, maganar kuɗin kwana ta dakata tukuna. Kuskurenka shi ne ka ɗora bashi a kan maganar ƙanen matarka, alhali ba shi ke ba da izini ba, kuma ranar da aka zo cin tara sunanka ne a kan takardar gidan.

Mutane suna ɗauka cewa dokar irin wannan haya ta manyan birane ce kawai, kamar Landan, inda ba a yarda a bayar da gida sukutum fiye da kwana 90 a shekara ba sai da izini na musamman. Amma a Sikotilan, tun daga watan Oktoba na 2023, lasisi wajibi ne ko da a ƙauye gidan yake. Ƙaramin gari ma ya fi wuyar sha'ani, domin kowa ya san motar da ba ta unguwa ba, kuma koken maƙwabta kaɗan kan hayaniyar dare ko tare ƙofar gida da mota ya isa ya sa majalisar gari ta sauya doka.

Ka je ofishin hukumar garin da ƙafarka, ka nemi amsa a rubuce: shin an yarda da saukar baƙi a unguwar, kwana nawa a shekara, mutum nawa a dare ɗaya, kuma an ƙayyade yawan lasisin da ake bayarwa? Ka tambayi harajin masauki da binciken 'yan kwana-kwana. Kamfanin inshora ma ka sanar da shi, saboda inshorar gidan zama sau da yawa ba ta ɗaukar asarar baƙon da ya biya kuɗi.

Na san wata baiwar Allah da ta sayi gida don tsohon mai shi yana da lasisi, sai bayan an gama ciniki ta gano lasisin na mutumin ne, ba ya bin gida. Gadaje sababbi suka zauna da ledarsu, ita kuwa tana layin jira tana biyan banki.

Na tabbata ka yi lissafinka ne a kan kwana 200 ko fiye, kamar yadda masu tallan arziki a intanet ke koyarwa. Idan doka ta tsayar da kai a 90, fiye da rabin kuɗin shigarka ya tafi, bashin kuma bai ragu da komai ba. Ka sake lissafin a kan 90. Idan bai biya bashi da shara da gyare-gyare ba, ka nemi ɗan haya na shekara.