Amsa ga mai layin intanet biyu da wayoyin ofis masu yankewa

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, kana da wayoyin tebur goma sha biyu masu aiki ta intanet, ka haɗa faiba da rautar sim ta 4G a kan babbar rautarka ta MikroTik, ka raba lodi daidai a tsakaninsu. Tun daga ranar, wani kiran kana jin mutum shi ba ya jinka, wani kuma ya yanke bayan kamar sakan talatin. In faiba ta ɗauke, kwamfutoci su koma ɗaya layin, wayoyi kuwa tsit. Na sha wannan wahalar a wani kamfani a nan Kano da nake kula musu da wayoyi, don haka bari in tsawaita.

Kafin komai, cire murya daga rabon lodin nan. Kiran intanet ƙafa biyu gare shi. Akwai SIP, mai yin rajista da buga ƙararrawa da katse kira, galibi ta ƙofa 5060. Akwai kuma RTP, wanda shi ne ke ɗaukar muryar kanta ta wasu ƙofofi dabam; a Asterisk, manhajar sarrafa kiran ofis, yawanci daga 10000 zuwa 20000. Rautarka ba ta san waɗannan biyun ɗan juma ne da ɗan jummai ba. Sai ta tura SIP ta faiba, ta tura RTP ta sim, kowanne da adireshin IP nasa. Saba, wato kwamfutar kamfanin waya mai haɗa kira, tana can tana aika murya inda aka yi mata alkawari, alhali muryarka na fitowa daga wani gida. Nan ne ake samun "ina jinka, ba ka ji na". Yankewar nan ta sakan talatin ma in ka duba agogo da kyau sakan 32 ce: iyakar jiran da SIP ke yi wa saƙon tabbatar da ɗaga waya ke nan, in bai iso ba, sai a katse kiran.

Kuma me za a raba? Kira ɗaya da G.711, tsarin mayar da murya bayanan intanet, kamar kilobit 87 yake ci a sakan ta kowane ɓangare. Ko wayoyinka duka suna magana lokaci guda, megabit ɗaya ne da 'yan kai. Murya ba ta da ci, tana dai da ƙyanƙyami: ƙunshi hamsin take aikawa a sakan, ɗaya duk bayan milisakan 20, kuma ma'aunin ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ya ce jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150. Saboda haka ka ware wayoyin da rukunin adireshinsu, ka ɗaure su a layi guda, wanda ya fi natsuwa ko da ba shi ya fi gudu ba. PCC ɗinka, wato tsarin rabon lodin, ka bar wa masu YouTube da WhatsApp.

Sai batun komawa layin ko-ta-kwana, wanda shi ya fi ba ni ciwon kai. Wata Litinin da hantsi masu gyaran kwata suka sare faibar a bakin titi. Na zo na tarar kowa na aikinsa a kwamfuta lafiya lau ta sim, amma Hajiyar da ke karɓar kira ta ɗaga kan waya tana miƙo min, ta ce, "Injiniya, tun ɗazu ko ƙara ba ta yi." Na kashe waya ɗaya na kunna, ba ta dawo ba. Sai da na buɗe jerin haɗe-haɗen da rauta ke riƙe da su na ga abin: haɗe-haɗen SIP na ƙofa 5060 suna nan daram, maƙale da adireshin faibar da ta mutu. Ai irin wannan haɗin sai ya yi minti uku shiru kafin MikroTik ta manta da shi, wayoyin kuwa ba sa yin shiru, kullum suna ƙoƙarin rajista, suna sabunta masa rai. Na zaɓe su na goge. Kafin in miƙe daga kujera fitilun wayoyin sun koma kore ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga ranar na sa Netwatch, mai lura da layi a cikin MikroTik, ya riƙa goge haɗin SIP da kansa duk lokacin da layi ya sauya, tafiya da dawowa. Na kuma rage wa'adin rajista daga sakan 3600 zuwa 120, don saba ta san sabon adireshi da wuri, in ba haka ba kiran waje zai ta zuwa gidan da aka tashi. SIP ALG kuma, wato ɓangaren rauta mai sa hannu a saƙonnin SIP, ka kashe shi kawai.

Wani tarkon shi ne yadda rauta ke gane layi ya mutu. In modem ɗin da ke jikin bangonka take ƙwanƙwasawa, zai ta amsawa ko da an sare waya a Zariya. Ka sa ta ƙwanƙwasa adireshi na nesa, kamar 1.1.1.1 ta layi ɗaya, 8.8.8.8 ta ɗayan, kowanne a tilasta shi ta layinsa. MikroTik na dubawa duk sakan goma, in aka rasa amsa sau biyu ta yanke hukunci. Wajen dawowa kuwa kada ka yi gaggawa. Faibar da ake kan gyara takan zo ta ɗauke sau biyar cikin awa guda, kuma kowace sauyawa tana kashe kiran da ake ciki. Ni na sa sai ta tsaya minti biyar cur.

Gara ka faɗa wa maigida tun yanzu: kiran da ake tsakiyar yi zai mutu idan layi ya sauya, domin adireshi ya canza. Hanyar da na gwada ta tsira da kira ita ce rami na WireGuard, wato keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, wanda ke cikin RouterOS 7, manhajar MikroTik, zuwa wata saba ta haya mai tsayayyen adireshi. Kamfanin waya adireshin sabar kawai yake gani, ramin ne ke sauya layi a ƙarƙashi, mai magana ya ji shiru na ɗan lokaci ya ci gaba. Yana kuma maganin CGNAT na layukan sim da Starlink, wato inda kake tarayya da wasu a adireshi ɗaya, ba ka da na kanka. Sai dai in sabar na Turai ka ƙara wa murya tafiya, kuma ranar da ta faɗi layukanka biyu ba su da amfani. Ga wayoyi goma sha biyu, ni ban ga dole ba sai in ciniki ne da yankewar kira ke jawo asara. Ka dai tambayi kamfanin wayarka ko da adireshin IP suke gane ka. In haka ne, su mayar da kai suna da kalmar sirri.

Ka kuma bincika ko layukan naka biyu ne da gaske. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, masu layi biyu da yawa suka tarar igiya ɗaya suke rataye a kai. Sim biyu ma na iya zama a kan hasumiya ɗaya. Wuta kuma, ka ɗora modem da rauta da suwic ɗin wayoyi duk a kan inbata guda; na taɓa ganin inda aka manta da modem.

In za ka gwada, ranar Asabar ka zare siririyar faibar daga bayan modem, ka bar kebul ɗin da ke shiga rauta a jone. In ka cire na rauta, MikroTik za ta share haɗin da kanta, ka ɗauka komai ya yi daidai. Ka sa wani ya kira lambar ofis daga wayar hannu kana duba agogo, ka turo mana sakan nawa ta ɗauka kafin wayar ofis ta yi ƙara.