Kansilanmu ya karɓe kuɗin matasa, ina za mu kai kuka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kansilan mazaɓarmu ya karɓi naira dubu biyar-biyar a hannun matasa da sunan zai sa su cikin tallafin sana'a, yau wata bakwai shiru kake ji. Gyaran rijiyar burtsatsen unguwarmu ma ƙaninsa aka ba, ba a taɓa ko ƙusa ba. Mun je wurin shugaban jam'iyya, ya ce kansila mai ci yana da rigar kariya. Yanzu yara sun ce za su sa hotonsa a Facebook su kira shi ɓarawo, kuma ƙanena na cikinsu. Hankalina a tashe yake. Mene ne mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kana da gaskiyar tayar da hankali, amma bari mu fara kawar da zancen rigar kariya. Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu ne kawai. Shugaban ƙaramar hukuma ma ba ya ciki, balle kansila. Jadawali na biyar na kundin ya lissafa shugabanni da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi cikin waɗanda ƙa'idar ɗa'ar aiki ta hau kansu, ya hana su karɓar wani abu saboda aikin ofis, ya kuma hana su cusa son ransu inda zai ci karo da amanar da aka ba su. Ana kai ƙorafin saɓa wannan ƙa'ida ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wato CCB, ita kuma ta gurfanar da mutum gaban Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, wadda ke da ikon raba shi da kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10, ta kuma ƙwace abin da ya tara ta wannan hanya. Karɓar kuɗi da yaudara kuwa laifi ne da 'yan sanda da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke bincike a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar da yaran suka yanke, domin kusan kullum sai na gamu da irinta. Mutanenmu sun ɗauka cewa wanda ya rubuta a Facebook, ko ya kira gidan rediyo ya yi kumfar baki, ya shigar da ƙara ke nan. Wallahi bai shigar da komai ba. Jami'in bincike yana buɗe fayil ne a kan takarda mai suna da adireshi da sa hannu, wadda aka karɓa aka buga mata hatimi. Yawan masu tofa albarkacin baki a ƙarƙashin rubutu ba ya zama shaida a gaban alƙali.

Ga abin da ya saba biyo baya. Daren da hoton ya fita, wanda ake zargi ya san an taso shi. Kafin gari ya waye ya aika a mayar wa mutum biyar ko shida kuɗinsu, galibi waɗanda suka fi kowa baki, an kuma turo mai gyara ya ɗaura wa burtsatsen sabon hannu an ɗauki hoto. Shaidunku sun watse. Bayan kwana biyu sai shi ya riga ku zuwa ofishin 'yan sanda da ƙarar ɓata suna, wadda sashe na 391 da na 392 na dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuffuka, suka tanada a jihohin Arewa, wani lokaci a haɗa da dokar laifuffukan intanet ta 2015. Na sha ganin yaron da aka cuta dubu biyar ya kwana a bayan kanta, mahaifinsa na yawon neman mai tsaya masa beli, daga ƙarshe a tara dattawa a sa shi ya ba da haƙuri ga wanda ya ci kuɗinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gaskiyar magana tana iya zama kariya a kotu, amma sai an kafa ta da hujja, kuma kalmar "ɓarawo" hukunci ce da ba a kai ga yankewa ba. Don Allah ka zaunar da ƙanenka yau, kada ka bari sai gobe.

Ƙarfin da za su ɓata a waya su zuba shi wajen tara shaida. Duk wanda ya tura kuɗi ta banki ya ciro bayanin asusunsa. Wanda ya biya ta wurin mai POS ya nemo 'yar takardar nan ya yi mata hoto tun yanzu, domin rubutunta yana gogewa cikin 'yan watanni. Wanda ya miƙa hannu da hannu ya rubuta ranar da wurin da waɗanda suka gani. Batun burtsatse kuma ku bi shi a hankali, tunda ɓangaren zartarwa na ƙaramar hukuma ne ke ba da kwangila. Sai kun nuna yadda kansilan ya sa hannu. Ku samo sunan kamfanin, ku duba masu shi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ku ɗauki hoton rijiyar da kwanan wata.

Sannan ku rubuta takarda ɗaya, gajera, ba zagi ba kirari, kowa ya sa hannu a kan abin da ya gani da idonsa, domin dokar ICPC ta tanadi hukunci ga mai shigar da ƙarya da gangan. Ku kai wa CCB da ICPC, ku ba majalisar kansiloli kwafi, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a naku. Idan za ku bi ta Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, dokarta ta iyakance wata 12 daga faruwar abin, ku kuwa kun riga kun cinye bakwai.

Za ku gamu da masu cewa sun san wani a Abuja, ku kawo kuɗin mota a tura takardarku sama. Kada ku ba su ko sisi. Shigar da ƙorafi a waɗannan hukumomi kyauta ne, kuma ana karɓa a ofisoshinsu na jihohi. Bayan mako biyu ko uku mutum biyu daga cikinku su koma da kwafin mai hatimi su tambayi jami'in da aka miƙa wa fayil ɗin.