Amsa: Kifin wrasse dina ya bace a cikin tanki, ko ya mutu ne?

Wa alaikumus salam dan uwa. Ka ce ka sayo wrasse mai ruwan dorawa, ka sa shi a tankin ruwan gishiri mai lita 200, tun ranar ba ka sake ganinshi ba yau kwana uku, kana tunanin ka tono yashin ka duba. Don Allah kar ka tona, abin da ya sa na tsaya na rubuto ke nan.

Wannan kifin naka Halichoeres chrysus ne, masu sayarwa suna ce mishi yellow coris, daga tekun wajejen Indunusiya da Filifin ake kamo su, kuma duk danginshi na Halichoeres a cikin yashi suke kwana, in sun tsorata ma nan suke fadawa. Na dade ina kiwon su kuma kusan duk sabon da na kawo haka yake yi, wani kwana biyu wani ya haura sati bai leko ba. Ka tuna wahalar da ya sha, an kama shi an daure a leda cikin duhu an sa a jirgi, ga bambancin lokaci, tsakaninmu da birnin Jakarta na Indunusiya awa 6 ne, shi ya sa za ka ga yana fitowa da asuba kafin ka tashi ya koma tun rana ba ta yi ba, kai kuma kana ganin ya bace. A hankali zai saba da fitilar tankinka. In ka tono shi ka kara firgita shi ne kawai, ga dattin da zai taso daga kasan yashin, wasu ma a nan suke rasa kifin.

Abin da za ka yi, ka rika auna amoniya kullum, wato gubar da take taruwa a ruwa in wani abu ya rube a ciki. In ya mutu a ciki za ka iya ganin ta motsa, in tana sifili ka kwantar da hankalinka. Sannan ka duba kasa, bayan tankin da karkashin teburin, saboda wrasse akwai tsalle. Wannan ba wasa ba ne, tankin da ba murfi ba wurin wrasse ba ne, ko raga ce ka sa mai kananan idanu kamar milimita 6, har dan gurbin da wayoyi suke bi ka toshe.

Ba ka fadi irin yashin da ka zuba ba, shi ne ya fi damuna. Yana bukatar yashi mai laushi na aragonait, wato farin yashin teku da ake zubawa a tankin ruwan gishiri, zurfin santimita 5 zuwa 7. In irin dakakken murjanin nan ne mai kaifi, da karfi yake nutsewa da kai, sai ya kurje baki da jiki ciwo ya shiga. In shi ne a tankinka ka samu roba mai fadi ka cika da mai laushin ka ajiye a kusurwa, zai gano ta da kanshi.

Ranar da ya fito kar ku taru a gaban gilas, yara musamman. Ka ba shi daskararren mysis, wasu 'yan kananan halittu ne masu kama da jatan lande, kadan-kadan sau biyu ko uku a rana, ba ya tsayawa wuri daya shi ya sa yunwa take saurin kama shi. Da ya saba za ka ga yana bin duwatsu yana tsince tsutsotsin da suke damun murjani, amma kananan jatan lande fa ba ya kyale su in ya girma, yana kaiwa wajen santimita 12.

Gishiri ka rike shi a 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa, da ruwan da aka tace da na'urar tace ruwa ta RO, ba na rijiyar burtsatse kai tsaye ba. Zafin ruwa digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Celsius, a wajenmu nan ne aikin yake, watan Afrilu in ba ka da na'urar sanyaya ruwa ko fanka a saman tankin ruwan zai haura 30, ga daukewar wuta, famfon da yake juya ruwa in ya tsaya na wasu awanni iska karewa take. Ka hada ko da famfo daya ne da inbata. Kar kuma ka kara wani kifi yanzu, musamman six line, wani nau'in wrasse ne shi ma, fada gare shi, zai hana wannan fitowa. Ka fada mana irin yashin da abin da amoniya ta nuna gobe in Allah ya kai mu.