Fedal ɗin jitata ya ƙi magana da kwamfuta

TAMBAYA: Salam Yaya, dan Allah a taimaka min. Ina kaɗa jita a wajen bukukuwa nan Gadarif, ɗan uwana ya aiko min da fedal mai canza sauti daga Jidda, na hannu ne amma lafiya lau yake aiki, to naji ance an fitar da sabon famwe, wato manhajar da ke cikin fedal ɗin, shi ne na jona shi da laftof amma kwamfutar ko alamar ganinshi bata yi, na canza kafar USB har uku shiru. Ga kahraba, wato wutar lantarki, bata zama a unguwarmu. Ya zanyi? Ƙaninka daga Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da kebul tukuna. Wasu na cajin waya da ake saidawa a kasuwa wuta kawai suke ɗauka, na gaske wayoyi 4 ne a cikinshi, 2 na wuta 2 na bayanai, in babu waɗannan biyun ko kwana zaka yi kana canza kafa ba abinda zai fito. Nemi wanda ka taɓa tura hoto da shi, ka jona kai tsaye a jikin laftof banda mahaɗar nan mai baki da yawa.

Sai direba, wato ƴar manhajar da take yiwa Windows tafinta tsakaninta da fedal. Cire fedal ɗin, sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka duba lambar samfurin harafi da harafi dan sau da yawa harafi ɗaya ne ya raba su, ka girka, ka kashe kwamfutar ka kunna sannan ka jona. In ka buɗe Device Manager kaga alamar rawaya kusa da sunanshi to direban bai zauna ba, goge ka sake.

Maganar kahrabar nan ita ta fi damuna wallahi. Famwe shi ne ƙwaƙwalwar fedal ɗin, lokacin sabuntawa ana goge tsohon ne ana rubuta sabo, in wuta ta ɗauke a tsakiya yana iya zama ba tsohon ba sabon ya ƙi tashi gaba ɗaya, kai kuma da shi kake neman abinci, mai gyaranshi ba a ko'ina ake samu ba. Dan haka ka cika batirin laftof, ka hana shi yin barci, in fedal ɗin mai cin batir ne ka sa mishi sababbi fil, in kuma sai da adafta mai bolt 9 to kaje gidan da ke da sola. Fayil ɗin famwen ma ka tabbatar ya gama sauka dan netwok na yanke shi rabi, in a zip yazo ka warware shi.

Kafin ka taɓa komai ka kwashe sautukan da ka saita ka adana a kwamfuta, kamfanin Boss suna da manhajar Tone Studio dan yin haka, kamfanin Zoom suna da Guitar Lab, wani sabuntawar yana maida komai yadda ya fito daga masana'anta. Maɓallin da ake dannewa wajen kunna fedal ɗin dan sabuntawa kuwa kowane samfuri da nashi, takardar da tazo da fayil ɗin zaka bi, kar ka cire kebul sai allon ya nuna an gama.

Ni dai in ka karanta abinda sabon ya gyara kaga ba matsalarka a ciki, barshi haka. In kuma dole ne, kar kayi ana gobe biki.