Fam Ɗari a Wata Kan Waya: Amsa ga Ɗan'uwa a Mancesta

Wani ɗan'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Mancesta ya rubuto yana kukan cewa kuɗin waya na neman cinye ɗan abin da yake tarawa. A watan da ya sauka Ingila ya karɓi sabuwar waya a kan kwantiragin wata 24, ana cire masa fam 48 duk wata. Mahaifiyarsa a Dutsin-Ma ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, don haka da layin kwantiragin nan yake kiranta kai tsaye, kuɗin kiran kuma ya hau kan lissafin wata. Ga data da yake saya wa maiɗakinsa da ƙannensa uku duk sanda suka yi magana, ga layinsa na Najeriya da yake zuba wa kati don kada ya mutu. Ya ce idan ya haɗa lissafin yana haura fam 100, kuma yana tambaya ko ya daina biyan kwantiragin, ya jefar da layin gida, ya huta.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Abubuwa biyun da kake shirin yi su ne kaɗai ba zan goyi bayanka a kansu ba, domin kowannensu zai jawo maka asarar da ta fi fam ɗarin nan nauyi. Kuɗin da kake kashewa ana iya rage fiye da rabinsa, amma lambobinka biyu, ta Ingila da ta Najeriya, sun riga sun zama wani ɓangare na takardunka, kuma da wannan ido ya kamata ka riƙa kallonsu.

Mu fara da kwantiragin. Fam 48 sau 24 ya kama fam 1,152, kuma mafi yawan wannan kuɗi na wayar ce da ka karɓa bashi, kira da data ƙaramin kaso ne a ciki. Idan ka umarci banki ya daina biya, kwantiragin bai mutu ba. Kamfanin zai rubuta cewa ka gaza biyan bashi, ya miƙa ka ga masu karɓar bashi, kuma wannan tabo yana zama a kundin bashinka har shekara shida. Ranar da za ka nemi hayar gida mai ɗan kyau ko rancen mota, wannan rubutu zai riga ka isa wurin. Abin da ya dace shi ne ka aika kalmar INFO zuwa 85075, kyauta ne, za a turo maka adadin da za ka biya idan ka fita yau. Idan saura wata uku ko huɗu ne, sau da yawa haƙuri ya fi sauƙi. Idan kuwa da sauran tafiya, ka kira su ka faɗa musu a fili cewa biyan yana yi maka nauyi, ka nemi a sauke ka zuwa tsari mai rahusa. Ba kullum suke yarda ba, amma suna da sashen da aikinsa ke nan, kuma wanda ya yi magana kafin ya gaza biya ya fi samun sassauci a kan wanda ya yi shiru har takarda ta iso.

Ka rubuta ranar da kwantiragin zai ƙare a inda idonka zai riƙa gani. Tun watan Fabrairun 2020 Ofcom, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Birtaniya, ta wajabta wa kamfanoni su sanar da mutum tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin ƙarewar, sai dai saƙon yakan zo haɗe da tayin sabuwar waya, kuma a nan ne mutanenmu suke sake faɗawa wasu shekaru biyun. Wayar da ke hannunka ba abin da ya same ta. Da zarar wa'adin ya cika ka aika kalmar PAC zuwa 65075, a ba ka lambar sauya kamfani da ke aiki kwana 30, ka miƙa ta ga sabon kamfani, cikin ranar aiki guda lambar wayarka ta koma can ba tare da ta canja ba. Ƙananan kamfanoni irin su Lebara da giffgaff da Smarty da Lycamobile suna sayar da layi kaɗai na wata-wata, wasu a ƙasa da fam 10, kuma a kan turakun manyan kamfanonin suke hawa, giffgaff a kan O2, Lebara a kan Vodafone. Tun Disamban 2021 aka hana sayar da waya a kulle, saboda haka taka za ta karɓi kowane layi. Za ka iya jin abokan aiki suna zancen tsarin rangwame na masu ƙaramin ƙarfi. Wannan yawanci na masu karɓar tallafin gwamnati ne, wanda irin bizarka ba ta ba da dama ba, kada ka ɓata lokacinka a kai.

Na nace a kan ka tafi da lambarka ne saboda takardu. Katin izinin zama a Ingila na roba ya daina aiki, yanzu izinin zamanka a intanet yake, kuma duk lokacin da za ka shiga asusunka na hukumar shige da fice don ciro lambar da za ka nuna wa mai aiki ko mai gida, zuwa wayar ko imel ɗin da ka yi rajista da shi ake turo lambar sirri. Bankinka da asibitin unguwarku da wurin aikinka duk wannan lamba suka sani. Wanda yake canja layi duk wata uku don bin garaɓasa yana iya wayar gari ya kasa tabbatar da izininsa a ranar da aka fi buƙata. Idan ta kama dole ka canja, ka fara gyara lambar a asusun tun tsohon layin yana hannunka.

Kiran Hajiya kuwa tun yau za ka iya gyara shi, ba sai kwantiragi ya ƙare ba. Mintocin da aka ce ba su da iyaka na cikin Ingila ne kawai. Duk minti ɗaya da ka yi da Najeriya a waje yake, kuma farashinsa a manyan kamfanoni yakan haura fam guda. Ka shiga manhajar kamfanin ka sa iyakar abin da za a iya ƙara maka a wata, ka mayar da ita sifili. Doka ta ba ka wannan dama tun Oktoban 2018. Daga nan sai ka nemi hanyar kiran wayar da ba ta hawa intanet. Akwai manhajoji irin su Rebtel da Talk360 da ake zuba wa kuɗi kaɗan a kira kowace lamba, akwai kuma layukan da ke haɗa mintocin ƙasashen waje a cikin kuɗin wata. Kafin ka biya, ka buɗe jerin ƙasashen da idonka ka ga sunan Najeriya a ciki, ka kuma tabbata wayar hannu ake nufi ba ta girke ba, domin talla takan ce ƙasashe hamsin alhali tamu ba ta ciki. Ka gwada da fam biyar tukuna ka ji ko muryar tana fita sosai, tunda dattijuwa ba za ta jure kiran da ke yankewa ba.

Wata dabarar ita ce a tsayar da lokaci. Idan Hajiya ta san kowace Juma'a bayan la'asar za ka kira, ɗaya daga cikin ƙannenka zai iya zama kusa da ita da babbar waya, ku yi doguwar hira ta WhatsApp kana kan waifai na gida, sauran ranakun kuma gaisuwar minti biyu ta wadatar. Ka tuna daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Najeriya tana gabanku da awa ɗaya, sauran watannin agogonku ɗaya. Ka kuma roƙe su kada su riƙa kiran lambarka ta Ingila da katinsu. Su yi filashin, kai ka kira, domin a ƙarshe daga aljihunka katin yake fitowa.

Yanzu layin Najeriya, wanda shi ne na fi jin tsoron ka saki. Wannan lamba tana ɗaure da NIN ɗinka da BVN, ta nan alat yake shigowa, ta nan banki yake turo lambar sirri, wataƙila da ita ka buɗe WhatsApp. A ƙa'idar NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ke kawo wa kamfani kuɗi da shi ba ana iya rufe shi, idan ya ƙara wata shida a haka kuma a sayar wa wani. Wanda ya saye shi zai riƙa ganin saƙonnin bankinka, kuma gyaran wannan daga Mancesta wahala ce da ba na yi wa kowa fata. Amma riƙe layi ba ya buƙatar kuɗin da kake zuba masa. Ka bar shi a cikin waya, ka kashe masa data gaba ɗaya, kada ka ɗaga kira a kansa, domin a ƙasar waje har wanda aka kira ana cajinsa, alhali karɓar saƙon tes a mafi yawan kamfanoni kyauta ne. Duk bayan wata biyu ka sa masa kati kaɗan ta manhajar bankinka, ka aika tes guda ɗaya zuwa gida. MTN ma tana da tsarin ajiye lamba na shekara ɗaya zuwa uku da ake biya sau ɗaya. Ban so ka bar layin a hannun wani a gida, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ba don zargi ba, sai don waya tana ɓata, ana kuma ƙwace ta, kuma mai riƙe da layin yana iya taɓa asusunka da 'yan lambobin da ake dannawa ba tare da intanet ba. Ka sa wa sim ɗin kansa lambar kulle, ka kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp.

Saura batun data na iyali, kuma nan ne lissafi yake haɗuwa da zumunci. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: fam uku yau, fam biyar jibi, ba ka jin zafinsu sai ƙarshen wata. Kuma ba laifinsu ba ne kacokan, domin a Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, abin da ya ishe su da can yanzu ba ya kai su. Matsalar ita ce yadda ake sayen. Shafukan da ke tura kati daga waje suna ɗora ladansu, canjinsu kuma yakan gaza na kamfanonin tura kuɗi. Ya fi maka ka tura kuɗin cikin asusunka na naira tare da na cefane, ka sayi data daga manhajar banki a farashin gida. Ka sayi ta wata guda a dunƙule maimakon ta kwana ɗaya ko ta mako. Idan maiɗakinka da ƙannen suna gida ɗaya, ƙaramar na'urar waifai guda da babban tsari ɗaya takan fi layuka huɗu sauƙi.

Idan ka samu maiɗakinka a natse, ku bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A WhatsApp a hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, domin zaurukan dangi da na 'yan makaranta su ne suke shanye data cikin dare ba wanda ya kalla. A kunna rage data a wajen kira. A bar sabunta manhajoji sai an samu waifai. Kiran murya na minti guda ba ya kai megabait ɗaya, bidiyo kuwa yana ninka hakan sau da yawa, saboda haka a ware bidiyo don ganin yara, sauran magana a yi ta da murya. Su danna *323# su ga abin da ya rage musu, su danna *305# su soke waƙoƙin kira da sauran abubuwan da ake cire musu kati a kai ba su sani ba, su aika STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla. Rancen kati na *303# su rabu da shi, tunda ana zare kusan kashi 15 cikin ɗari tun kafin ya shigo. Idan aka ci musu kati ba dalili kuma kamfani ya ƙi saurare, 622 ita ce lambar kai ƙara ta NCC, kyauta.

Abin da ya fi wuya shi ne faɗin adadi. A ganina maiɗakinka da Hajiya haƙƙinsu ne a kanka, ba a ciniki a nan. Ƙannen kuwa ka yanke musu abin da za ka iya, ka sanar da su ranar da zai riƙa shigowa, misali ɗaya ga wata, ka kuma gaya musu cewa wanda tasa ta ƙare kafin lokaci sai ya jira. Ka faɗi wannan da bakinka a kira, a gaban Hajiya idan zai yiwu, kada ka rubuta shi a saƙo, domin rubutu ba ya ɗaukar murya, kuma abin da ka nufa da tsari sai a karanta shi a matsayin rowa. Wanda yake karatu ko yake sana'a da wayar ka fifita shi, ka kuma bayyana dalili don kada sauran su ga an yi son kai.

Idan ka rufe ƙofar kiran kai tsaye a wannan mako, ka mayar da sayen data sau ɗaya a wata, ka rage wa layin gida abin da kake zuba masa, za ka ga bambanci tun a lissafin wata mai zuwa, ko da fam 48 ɗin nan tana nan daram. Ita kuma ranar da kwantiragin ya ƙare za ta iya saukowa zuwa kusan fam 10. Ka fara da aika INFO ɗin nan, idan amsar ta zo ka rubuto mini adadin da watannin da suka rage, mu duba tare ko fita yanzu ta fi jira.